Katin Da Bai San Mai Shi Ya Rasu Ba

Ranar da aka yi sadakar arba'in ta wani Alhaji, dillalin albasa da tumatir a kasuwar Mile 12 ta birnin Ikko, bayan baƙi sun watse an naɗe tabarmi, sai matarsa ta aika a kira mata ƙanensa, wani malamin makarantar sakandare da ya zo daga Gusau. Daga bayan labule ta miƙo masa wayar mamacin, ta ce, "Baffan yara, karɓi wannan abu ka duba. Tun da aka kai Alhaji makwancinsa ba ta daina kuka ba, ni kuwa ban san abin da take faɗi ba."

Malam ya karɓa, ya kira babban ɗan mamacin, yaro ɗan shekara 14, ya buɗe masa ita. Abin da ya tarar saƙonnin banki ne jere, kowanne yana ba da labarin kuɗin da aka cire. Ga naira 10,000, ga 3,500, ga 2,900, sa'an nan ga wasu guda biyu na naira 15,000 da 'yan kai a tsakanin kwana uku. Ya duba ranakun, ya sake dubawa. Alhaji ya rasu a ƙarshen watan Yuni na 2025, waɗannan kuwa duk na Yuli ne da farkon Agusta. Watau dai mutum yana kwance a kabari, asusunsa yana ta ciniki.

Ya tambayi inda katin yake. Hajiya ta ce yana cikin akwatinta, a ƙulle cikin gefen tsohon zane. Sau biyu tak ta fito da shi, ta ba yaron shagon Alhaji ya je wurin mai POS ya ciro musu na cefane, kuma duk sau biyun ya kawo mata kuɗin da takardarsu cif. Tana rufe baki kowa a ɗakin ya san inda zato zai faɗa. Yaron nan shekara 9 yana tare da Alhaji, shi ke riƙe masa littafi, shi ke raka shi asibiti, shi kaɗai kuma ya san lambar sirrin katin ban da matar gida. Kafin sallar isha wani daga cikin dangi har ya fara maganar ofishin 'yan sanda. Malam ya roƙi a ba shi mako guda, ya aika wa shugaban makarantarsu cewa zai ƙara kwana.

Ya kamata a koma baya kaɗan, domin Alhaji ba mutumin kati ba ne tun asali. Mutumin lalita ne, wanda ya saba da ƙirga kuɗi da yawu a yatsa. Ko da Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage yawo da tsabar kuɗi a Ikko cikin 2012, bai ɗauke shi bakin komai ba. Lambar BVN ma da aka fito da ita a 2014 sai da aka matsa masa kana ya je aka ɗauki yatsunsa. Abin da ya karya shi shi ne canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 aka ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, kafin a shiga Fabrairun 2023 kuwa tsoho ya ɓace, sabo bai samu ba. Tumatir ba ya jiran a buɗe banki. Direban da ya kwaso kaya tun daga Arewa yana son kuɗinsa, 'yan dako suna son nasu, mai saye ya zo hannu wofi sai waya. A cikin makonnin nan ne Alhaji ya koyi abin da ya ƙi koyo shekara goma, kuma kamar yawancin mutanen da suka koyi abu a kan dole, ya koyi inda ake latsawa amma bai tsaya tambayar abin da latsawar ke ɗaure shi da shi ba.

To, ga abin da take ɗaure mutum da shi. Kowane katin banki, na Visa ne ko Mastercard ko Verve ɗin nan namu na gida da kamfanin Interswitch ya fito da shi a 2009, yana ɗauke da doguwar lamba a fuskarsa, galibi guda 16, da wata da shekarar da zai daina aiki, da wasu lambobi uku a bayansa. Ranar farko da mutum zai sayi abu ta intanet sai ya rubuta waɗannan duka, banki ya aiko masa da wata lamba ta waya wadda ake amfani da ita sau ɗaya, ya shigar, ciniki ya faɗa. Amma a ƙasan shafin akwai wani ɗan akwati, ƙanƙane ƙwarai, da ke tambaya ko a ajiye katin saboda gaba. Wani wurin ma an riga an yi masa alama tun kafin mai saye ya iso. Idan aka bar shi haka, kamfanin da ya san aikinsa ba zai riƙe lambar katin kanta ba, sai a ba shi wata lambar madadi wadda ba ta da amfani a hannun kowa sai shi. Lambobi ukun nan na baya kuwa, ƙa'idar da manyan kamfanonin kati suka haɗu a kanta tun 2004 ta hana a ajiye su bayan an gama biya. Ƙasar Indiya ta wuce nan, domin daga 1 ga Oktoba, 2022 babban bankinta ya hana masu sayarwa riƙe lambar katin kowa, sai dai madadin.

Wannan duk kariya ce daga ɓarawo, kuma kariya ce mai kyau. Sai dai ba ta taɓa ainihin maganar ba. Lambar madadin nan izini ce a tsaye. Da ita kamfani yana iya komawa asusun mutum wata bayan wata ba tare da an sake aiko da lambar waya ba, ba tare da an nemi lambar sirri ba, ko da katin yana ƙulle a gefen zane cikin akwati. Misalinta kamar mai gida ne ya ce wa mai shayin bakin kasuwa, duk wanda ya zo da sunana ka ba shi ka rubuta. Bambancin kawai, mai shayi zai ji labarin rasuwa, ya rufe littafi, ya zo gaisuwa, wataƙila ma ya yafe abin da ya rage. Na'ura ba ta zuwa jana'iza.

Malam ya sayi littafin rubutu mai ganye 40 irin na ɗalibansa, ya ja layi huɗu: rana, kuɗi, sunan da ya fito a saƙo, da wanda ya ci moriya. Layi na huɗun nan shi ya ci masa kwanaki, saboda sunayen da ke fitowa a saƙon banki sau da yawa ba na shagon ba ne, na kamfanin da ya shiga tsakani ne, a guntule, haɗe da lambobi. Sai da ya bi ta cikin imel ɗin mamacin, wanda Alhaji bai taɓa buɗewa ba tun da aka yi masa, ya tarar da rasiɗai sun taru kamar ganyen kaka.

Na naira 2,900 bai ba shi wahala ba. Wata manhajar kallon fina-finai ce da yara suka sa aka gwada kyauta na wata ɗaya tun bara, watan ya ƙare, aka shiga cira, ba wanda ya ƙara kallon komai a cikinta. Ya ƙirga ya ga wata 13 ke nan. Wannan ita ce irin ɓarnar da aka fi yi, kuma da wuya a ji kukanta, domin mai juya miliyoyi a kan buhunan albasa ba zai tsaya neman ba'asin abin da bai kai kuɗin dakon buhu biyar ba. Masu irin wannan kasuwanci sun san da haka sarai.

Na naira 10,000 ne ya sa ya ajiye alƙalami. Kuɗin wutar lantarki ne, amma lambar mitar ba ta gidan Ikko ba ce, ta gidan mahaifiyarsu ce a Gusau. Ranar 5 ga kowane wata lalitar wayar Alhaji takan ja kuɗin daga katin, ta sayi wuta, ta aika lambobin zuwa wayar jikar da ke kwana da tsohuwar. Malam yana zaune a gari ɗaya da uwar tasa, kusan kullum sai ya je gaishe ta, amma shekara biyu bai taɓa tambayar wanda ke biyan wutar da fankar ɗakinta ke juyawa da ita ba. Ya ɗauka ƙanwarsu ce. Ita kuma ta ɗauka shi ne.

Saura na 3,500, kuɗin data da ake tura wa wata lamba wadda ba ta cikin sunayen da ke wayar. Ya kira ta da tasa wayar. Wani saurayi ya ɗauka, ya ce shi ɗalibi ne a wata kwalejin kimiyya da fasaha, mahaifinsa ɗan dako ne a Mile 12 da ya rasu shekaru uku da suka wuce, kuma tun da ya shiga makaranta Alhaji ya ce karatun zamani ba ya yiwuwa sai da data, shi zai ɗauki wannan. Malam ya gaya masa abin da ya faru. Aka yi shiru mai tsawo. Can yaron ya ce, "Baba, na kira shi sau biyu bai ɗauka ba. Amma da na ga data ta shigo ranar da ta saba, sai na ce lafiya yake, kasuwa ce ta riƙe shi."

Manyan biyun nan na naira 15,000 da 'yan kai, waɗanda su suka fi jawo wa yaron shago zato, labarinsu ya fi kowanne ban mamaki, kuma sai an san halin da naira ta shiga kafin a gane shi. A 2022, da dala ta yi wuya, bankuna suka rage abin da katin naira zai iya saya a shagunan ƙasashen waje har ya koma dala 20 a wata a wurare da yawa, daga baya suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Ana dab da rufewar ne Alhaji ya karɓi sabon kati mai shekara uku, ɗansa kuma ya lallaɓe shi ya saya masa wani abu na dala biyu a cikin wasan waya. Katin ya zauna a wurin. Daga nan yaron ya riƙa latsa maɓallin saye lokaci lokaci, a ce masa banki ya ƙi, ya yi dariya ya ci gaba da wasansa. Abin ya zama masa kamar jifan bango. A tsakiyar 2025 wasu bankuna suka sake buɗe ƙofar. Yaro ya latsa kamar yadda ya saba, wannan karon bango ya amsa. Dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati lokacin da aka ajiye katin ta haura 1,500, abin dala goma ya zama abin da Malam ya gani. Da aka tambaye shi ya fashe da kuka, ya ce, "Wallahi Baffa, da can ba ya yi."

Shi kuwa yaron shago, ga abin da binciken ya tono game da shi. Wayar da ke hannunsa tsohuwar wayar Alhaji ce da ya ba shi kyauta bara, ba a goge komai a cikinta ba. Manhajar kiran mota tana nan a buɗe da sunan Alhaji, da katin a ciki. Haka wani babban shagon intanet inda aka taɓa sayen firji. Da ya so, da ya yi ta hawan mota yana odar kaya har katin ya mutu, ba mai tambayarsa lambar komai. Bai taɓa ko kwabo ba. Ya ce ya gani tun tuni, ya yi wa Alhaji magana, Alhaji ya ce bari a sauke motar nan tukuna. Wanda ya fara ambaton 'yan sanda bai zo ya ba shi haƙuri ba, sai Malam ne ya yi a madadin gidan.

Da littafi ya cika sai Malam ya kai wa limamin unguwa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da Yaya ya bari yana gudana. Biyu daga ciki alheri ne da shi ya ƙulla da hannunsa. In na yanke, na yanke masa lada. In na bari, ban san kuɗin wa nake bayarwa ba." Liman ya amsa masa da abin da littattafan fiƙihu suka tabbatar, cewa wakilci yana ƙarewa da mutuwar wanda ya wakilta, kuma daga lokacin da rai ya fita dukiya ta koma ta magada, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Alhaji bai bar wasiyya a kan wutar ba, bai bari a kan datar ba. Uwa tana da sudusi, saboda haka abin da aka kashe mata ana iya lissafa shi cikin rabonta. Ɗalibin kuwa ba magaji ba ne. Manya suna iya yafe nasu kason, amma ba wanda ke da ikon yin kyauta da na marayu. Malam, wanda shi kansa ba ya cikin magada tun da akwai ɗa namiji, ya zaro naira 7,000 na wata biyu daga aljihunsa ya ajiye a kan littafin.

Sa'an nan aka zo cire katin, a nan ne kuma aka ga cewa ƙofar shiga ta fi ta fita faɗi. Ɗan mamacin ya ce ai a goge manhajojin kawai. Malam ya kusa yarda, sai ya tuna cewa katin ba a cikin waya yake ba, yana can a rumbun kamfanin. Goge manhaja kamar mutum ne ya toshe tagar da yake hango mai shayi, littafin bashi kuwa yana nan a buɗe. Tilas a shiga kowane asusu, a nemi sashen biyan kuɗi, a cire katin da hannu. Wani wurin aka ce ba za a cire ba sai an soke biyan wata-wata tukuna, maɓallin sokewar kuwa yana ɓoye a shafi na huɗu, bayan an tambayi dalili sau biyu an yi tayin rangwame sau ɗaya. Wani wurin aka ce sai an sa wani katin a madadinsa. Wuri guda babu maɓallin cirewa sam, sai da ya rubuta musu wasiƙa. Ya kuma tarar da katin a inda bai zata ba, cikin manhajar shiga intanet ta wayar, wadda ke cike lambobi da kanta duk inda aka buƙata. Kusan kowace ƙofa kuwa sai an aiko da lamba zuwa layin mamacin kafin ta buɗe. Da Hajiya ta bi shawarar masu cewa a kashe wayar a ajiye, har layin ya daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya ya sayar wa wani, da wancan baƙon ne zai riƙa karɓar mabuɗan gidan Alhaji ɗaya bayan ɗaya.

A nan lalle akwai abin da za a ce Malam ya yi kuskure. Wani tsohon akawun banki da ke sallah a masallacinsu ya gaya masa tun rana ta biyu cewa akwai hanyar da ta fi wannan gajarta: a sa banki ya toshe katin, duk izinin da ke rataye da shi ya faɗi lokaci guda, bincike kuma ya biyo baya a natse, tun da rasiɗai ba sa gudu. Ya kuma gaya masa cewa daidai shi ne a sanar da banki rasuwar. Malam ya ja ƙafa har kwana 9, domin ya san da zarar an sanar za a rufe asusun sai an kawo takardun kotu na gudanar da gado, ga mace tana takaba, ga yara biyar, ga kuɗin makaranta na Satumba yana tafe. Uzuri ne da duk wanda ya taɓa riƙe gidan mamaci zai gane. Amma a cikin kwanakin nan 9 manhajar fina-finan ta sake cire nata, kuma kuɗin cefanen da ake cirowa da katin mamaci su ma ba a kan ƙa'ida suke ba, ko a wurin banki ko a wurin liman. A ƙarshe abokan cinikin Alhaji na kasuwa suka haɗa abin da zai riƙe gidan wata uku, aka rubuta shi bashi a kan gado, Malam ya ɗauki takardar shaidar rasuwa ya nufi banki.

A motar komawa Gusau, tafiyar da ke cin yini da dare, ya fito da tasa wayar don ya rage hanya. Shi da ke ganin kansa mai tsantseni, mai albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ya ƙirga wurare 7 da katinsa ke zaune. Akwai shafin da ya biya wa 'yarsa kuɗin jarrabawa shekara biyu da suka wuce. Akwai wata manhajar rance da ya taɓa buɗewa a lokacin matsi bai ma karɓi rancen ba, amma sun cire naira 50 na gwaji sun riƙe katin. Akwai biyu da ko sunansu bai tuna ba. Kafin su kai Kwantagora ya cire shida, na bakwai ya gagara saboda ya manta kalmar sirrin, ga hanya ba sabis. Da ya isa gida ya je banki ya buɗe wani ƙaramin asusu dabam da katinsa, wanda ba ya zuba masa sai abin da zai saya a ranar, na albashi kuma ya hana shi ciniki ta intanet gaba ɗaya.

Ranar 7 ga Satumba da daddare jikar nan ta kira shi ta ce mita tana kuka, lambobin kuma ba su zo ba wannan watan. Ya je ya tarar da tsohuwar a zaune bakin gado tana fifita da mafici. Ta ce, "Kai ne ba ka biya ba?" Ya ce, "Ni ne, Inna. Yanzu za a kawo." Bai gaya mata sauran ba, ya bar wannan sai ranar da za a zauna rabon gado, inda dole za ta ji an ambaci naira 20,000 a cikin sudusinta ta tambayi na mene ne.

Ya zauna a kan dakalin ƙofar ɗaki ya shigar da lambobin sabon katin. Ɗan akwatin nan ya fito a ƙasan shafi yana tambayarsa ko a ajiye. Ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya yi masa alama, ya sa ranar 5 ga wata. Da ya koma gida ya buɗe littafin nan mai ganye 40 a shafin da ya rage, ya rubuta sunan manhajar, da lambar mitar, da lambar ɗalibin a ƙarƙashinta, ya kira matarsa ya nuna mata inda zai riƙa ajiye shi.